Yadda zaka gyara kulocin sikuta ta ƙara gudu, musamman mu da muke Jos

Duk mai sikuta irin ta bel ɗin nan, wadda babu giyar ƙafa babu kulocin hannu sai dai ka murɗa totur ta wuce, ya san wannan damuwar. Inji yana ta kuka amma gudun baya ƙaruwa, ko kuma mashin ya kai wani waje ya ƙi gaba duk yadda ka matsa masa. In ka kai maganar wajen masu gyara ko ka shiga Dilimi neman kaya, shawarar da zaka fi ji ita ce a sa mata rola mai nauyi, wato ƙananan nauyin da ke cikin fulin gaba, zata yi gudu. Toh ni dai ban yarda da maganar nan ba yadda ake faɗinta, kuma a garin Jos ma ta fi zama kuskure, zan faɗi dalili.

Kuloci, ina nufin duk tsarin fuli biyu da bel ɗin da ke kai ƙarfin inji zuwa taya, baya haifar da ƙarfi, ko kaɗan. Ƙarfi daga inji yake fitowa, kuma kowane inji yana da wani juyi da yake bada ƙarfinsa gaba ɗaya, in ka yi ƙasa da shi ƙarfin ya ragu, in ka wuce shi ma ya ragu. Aikin kuloci shine ya riƙe injin a daidai wannan juyin yayin da bel yake hawa har ya kai bakin fulin gaba. Shikenan sirrin, duk sauran abin da zan rubuta hanyar kaiwa ga wannan ne.

Mutanen da suka fi kowa naƙaltar wannan aikin su ne masu mashin ɗin kan dusar ƙanƙara a Kanada da arewacin Amurka. Tun 1959 da Joseph-Armand Bombardier ya fara fitar da Ski-Doo a garin Valcourt na Kanada irin wannan tsarin suke amfani da shi, fuli biyu da bel a tsakani, nauyi a na gaba sifirin a na baya, abu ɗaya da abin da ke cikin sikutarka sai dai nasu ya fi girma. Abin da ya sa na kawo su shine kamfanoninsu irin su Polaris har jadawali suke bugawa, in zaka hau mashin a kan tsauni ga nauyin da zaka sa, in a ƙasa ne ga wanda zaka sa, kuma kullum mai hawa sama nauyinsa ya fi sauƙi. Dalili kuwa iska tana sirancewa in an yi sama, injin da bashi da turbo yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a duk mita 300. Jos tana sama da mita 1,200, kaga kenan kusan kashi 12 cikin 100 sun tafi tun kafin ka tada mashin. Rolar da ta yi wa mutumin Legas ko Fatakwal daidai mu nan nauyi zata yi mana, balle kuma ka ƙara mata nauyi.

Zan yi bayanin ne a kan injin GY6 mai 125 da 150cc, don shine a cikin yawancin sikutocin China da ke yawo a nan. In ka duba jikin injin ta gefen hagu a ƙasa zaka ga an buga 152QMI ko 157QMJ, na farko 125 ne na biyu 150. In 139QMB ka gani to 50cc ce, ita ma zan taɓo ta daga baya.

Abin da ke cikin murfin

In ka cire murfin hagu zaka ga fuli biyu. Na gaba yana kan sandar inji, shi masu kaya suke kira bariyeta, rabinsa na waje mai fanka ne baya motsi, rabin ciki kuma yana zamewa a kan wani bututun ƙarfe, kuma a bayansa rola shida suke zaune kowacce a kan hanyarta mai gangare. Inji na ƙara juyi rola suna watsuwa waje, suna tura rabin fulin yana matse bel, bel ɗin sai ya hau sama. Na baya kuma akasin haka yake yi, babban sifirin yana matse shi, bel yana janye shi yana buɗewa. A nan bayan ne kuma takalman kuloci uku suke da ƙananan sifirin ɗinsu uku, da kwanon ƙarfe da suke kamawa taya ta juya. Don haka kokawa ce tsakanin nauyin rola da ƙarfin babban sifirin, inda suka daidaita nan juyin injinka zai tsaya.

Kafin ka taɓa kuloci

Kar ka ɓata kuɗinka a kan rola alhali injin ne bashi da lafiya. Wanke iyakilina ko ka canza, lokacin hunturu ƙura tana toshe shi da wuri. Duba fulogi, yawanci C7HSA ne, tazarar bakinsa 0.6 zuwa 0.7 na milimita. A saita bawul da inji a sanyaye, wajen 0.08 zuwa 0.10, don GY6 bawul ɗinsa yana yawan tsukewa kuma in ya tsuke ƙarfi ke tafiya. Iskar taya ta cika, birki kuma kar ya zama yana riƙe taya, ɗaga mashin a kan babban sitan ka juya tayoyin da hannu ka ji. Wallahi mashina da yawa a nan kaɗai matsalarsu take ƙarewa.

Kayan aikin ba su da yawa. Soket 8 na murfi, soket 17 da 19 na notin fuli, babbar sifana 39 ko 41 in zaka buɗe na baya, ƙarfen riƙe fuli mai baki biyu, baniya ta awo, sanfefa, da baƙar makar rubutu irin wadda bata goguwa. Sai abu biyu da mutane suke rainawa kuma su ne aikin, agogon juyin inji da waya mai GPS. Agogon ƙarami ne mai batir, wayarsa ake naɗawa a jikin wayar fulogi, bashi da tsada. Abin lura ɗaya, GY6 yana bada wuta a kowane zagaye, don haka saita agogon a kan wuta ɗaya zagaye ɗaya, in ba haka ba zai ninka maka lissafin ka rikice. Agogon gudun da ke jikin sikutar kuwa kar ka dogara da shi, yawancinsu suna ƙara wa mutum gudu, GPS ne zai faɗa maka gaskiya.

Mataki na farko, auna yadda take yanzu

Nemi hanya shimfiɗaɗɗiya a wajen gari wadda babu jama'a babu mahaɗa babu makaranta, da sassafe, da hular kwano a kanka. Ba a wannan gwajin a Bauchi Road ko Taminus, kuma ka san akwai dokar taƙaita babura a cikin Jos da Bukuru, don haka ka san inda zaka bi. Bari inji ya ɗumama, sannan daga tsaye ka murɗe totur duka ka riƙe. Zaka ga juyin ya tashi da sauri sannan ya tsaya waje ɗaya yayin da gudu ke ta ƙaruwa, wannan lambar da ya tsaya a kai ita muke nema, rubuta ta. Sannan in gudu ya ƙure ka sake duba juyin ka rubuta, da abin da GPS ya nuna. Yi tafiya yi dawowa ka raba biyu saboda iska da ɗan gangaren da ido baya gani, a Jos da wuya ka samu hanyar da take kwance ɗari bisa ɗari. Duk gwajin da zaka yi nan gaba a wannan hanyar zaka yi shi, kai ɗin dai, ba yau kai gobe ƙaninka da bai kai ka nauyi ba.

GY6 150 da ba a taɓa cikinsa ba yana bada ƙarfinsa ne wajen 7,000 zuwa 7,500 a minti. Nan muke so allurar ta zauna.

Mataki na biyu, buɗe ka duba ka ja layi

Cire bol ɗin murfi, ka jera su a kwali yadda ka ciro su don tsayinsu ba ɗaya bane. Riƙe fanka da ƙarfen riƙewa ka kwance notin gaba, hagu ake kwance shi kamar kowane noti. Don Allah kar ka cusa sukundireba cikin fikafikan fanka, alminiyon ne karyewa yake, kuma fankar da ta rasa fiffike ɗaya rawa zata riƙa yi a kan sandar inji. Ɗauki hoto da waya kafin ka zare komai, kowane abu da wajen zamansa. Zare fanka, cire bel, sannan ka sa yatsu ta baya ka riƙo farantin bayan rola tare da fulin ka jawo su tare.

Yanzu juye rolar a tafin hannunka ka goge baƙar ƙurar. Ɗauki ɗaya ka gangara ta a kan gilashi ko tebur mai santsi. Lafiyayyar rola shiru take tafiya, wadda ta cinye kuwa zaka ji tana ƙwas ƙwas sannan ta tsaya a kan wani gefe, ka juya ta a haske zaka ga wajen ya baje yana ƙyalli. Irin wannan bata gangarawa a cikin fuli, maƙalewa take a rabin hanya, kuma ita ce take sa mashin ya kai wani gudu ya ƙi gaba. Ko ɗaya ce ta baje duka shidan zaka canza. Duba ƙananan robobi uku da ke bakin farantin baya, in sun yi sako sako su ma a canza, kuɗinsu kaɗan ne. Shafa fuskar fulin da yatsa, in ka ji bel ya haƙa rami kewaye to fulin ya gama aiki, bel baya iya tsallake ramin nan ya hau.

Wanke fuskokin fuli da abin wanke birki ko sifirit har tsumma ya daina baƙi. Sannan ɗauki maka ka ja layi uku ko huɗu a fuskar fulin ciki, daga tsakiya har bakin ƙarshe.

Wajen mayarwa nan ake yawan ɓarna, don haka a hankali. Rola su koma yadda suka fito, duka suna kallon gefe ɗaya, kuma a bushe, in yaron shago ya ɗauko gwangwanin giris ka ce masa a'a ƙanina bar shi, irin wannan fulin ba a sa masa, giris ɗin fantsama zai yi ya hau bel ya haɗu da ƙura ya zama laka. Riƙe farantin baya gam har fulin ya zauna, in ka sake shi rola ɗaya ta faɗi a kwance zaka ji mashin ya mutu murus. Sannan ka kama fulin baya da hannu biyu ka matse shi ya buɗe, ka tura bel ya nutse ciki, don ya saki a gaba. In baka yi haka ba noti zai ɗaure a kan bel maimakon a kan bututu, kai kana ganin ya ɗauru, bayan ɗan tafiya ya kwance ya cinye haƙoran sandar inji, kuma wannan gyaran sai an raba inji biyu. Tabbatar haƙoran fanka sun shiga daidai, ɗiga ɗan gam ɗin noti, ka ɗaure wajen 50 zuwa 60 Nm, wato ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti. Mayar da murfi kafin ka hau, kar ka yi gwaji da bel a buɗe kusa da ƙafarka ko bakin wandonka.

Mataki na uku, karanta layin

Koma hanyar nan ka ƙure gudu, ka dawo ka buɗe. Bel ya goge layin har iya inda ya hau, abin da ya rage baƙi a bakin fuli shine giyar da kake da ita amma baka amfani da ita. In saura milimita 1 ko 2 ne to ya kai, haka ake so. In ka ga saura 5 ko 8 ko fiye, akwai gudu a ajiye.

Haɗa layin da lambobin da ka rubuta. Layi bai gogu ba kuma juyi yana sama, 8,000 ko fiye, to ko dai bel ya sirance ko rola ta yi sauƙi ko ta cinye, ko kuma wani ya taɓa sa babban sifirin mai tauri a baya. Layi ya gogu har baki amma juyi yana ƙasa, 6,000 zuwa 6,500, to rola ta yi nauyi, ta jefa mashin babbar giya tun injin bai shirya ba, kamar direban da ya sa giya biyar yana tsakiyar Hawan Kibo, giyar tana nan amma babu ƙarfin ja. Wannan na biyun shi na fi gani a Jos, kuma shine abin da shawarar ƙara nauyi take haifarwa. Na uku, layi ya gogu har baki, juyin tsakiya daidai, amma a ƙarshen gudu inji yana wuce 8,000 yana ihu, wannan kulocinsa lafiya lau, giya ce ta ƙare masa, maganinsa daban ne yana ƙasa.

Mataki na huɗu, bel

Kafin rola, bel. Lambar tana jikinsa, 842-20-30 ko 835-20-30 a masu dogon murfi, 743-20-30 a masu gajere. Ta farko tsayi ne a milimita, ta biyu faɗi, ta uku kusurwar gefensa. Sa baniya ka auna faɗin tsohon ta sama. Mutane suna ganin milimita ɗaya ba komai bane, amma saboda yadda fuskar fuli take a karkace, in bel ya rage milimita 1 a faɗi yana sauka kusan milimita 2 a fulin gaba ko da fulin ya rufe ruf, kuma abin da ya rasa a gaba yana komawa baya ya ƙara rage giyar. Don haka bel mai 20 da ya koma 19 ko ƙasa, cire shi ko da bai tsage ba. Sau da yawa sabon bel kaɗai yake dawo da gudun da mutum yake ta nema.

Sayi mai kyau, Bando ko Gates in ka samu na gaske, araha bata ado kuma jabun suna da yawa, har a shagon ka auna faɗinsa don akwai wanda aka rubuta 20 amma bai kai ba. Kar ka karɓi wani tsayi daban don an ce ai kusan ɗaya ne. Wanke sabon da ruwan sabulu ka shanya ya bushe, in da kibiya a jiki ta kalli inda yake juyawa, sannan ka yi kamar kilomita 30 zuwa 50 a hankali kafin ka fara ƙure shi. Daga nan ka sake jan layi ka sake awo, don lambobinka na farko sun tashi aiki.

Mataki na biyar, rola

Girman rolar GY6 125 da 150 shine 18x14, ta 50cc kuma 16x13, basa shiga wa juna. Fara da sanin nauyin wadda ke ciki, kar ka yi zato, kamfanoni ba nauyi ɗaya suke sawa ba, zaka samu daga giram 12 zuwa 14 har sama. Ƙaramin sikelin nan da masu harkar duwatsu suke amfani da shi ya isa, kuma Jos ba a rasa shi. Haka in zaka sayi sabuwa ka ce Alhaji ɗora min su ɗaya bayan ɗaya in gani, don ana samun fakitin da aka rubuta 13 amma a ciki wata 12 wata 14, irin wannan gefe ɗaya yake tura fuli yana cin bututu.

Ƙa'idar mai sauƙi ce. Rage nauyi juyi ya hau, ƙara nauyi juyi ya sauka. Giram ɗaya ɗaya zaka riƙa motsawa, ka gwada, ka rubuta. In kana kan 14 juyi yana 6,300, sauka 13 ka gani, bai kai ba ka sauka 12. Zaka lura tashi yana ƙara kyau, hawa yana sauƙi, kuma gudun ƙarshe maimakon ya ragu sai ya ƙaru, don yanzu injin yana da ƙarfin tura iska. Ci gaba har ranar da ka ga layin maka ya fara saura a baki ko GPS ya nuna ka fara asara, to ka wuce, koma baya mataki ɗaya. Abin da kake nema shine rola mafi sauƙi da har yanzu take iya kai bel baki, ba mafi nauyi ba.

In 12 ta yi sauƙi 13 ta yi nauyi, ana haɗawa uku uku, amma a jera su ɗaya bayan ɗaya, mai nauyi mai sauƙi mai nauyi mai sauƙi, kar uku su taru gefe guda. Ni dai ina ɗaukar wannan a matsayin hanyar gwaji, in ka gano nauyin da kake so gara ka nemi saiti ɗaya, don masu nauyin su suke ɗaukar aikin kuma su suke fara cinyewa.

Akwai kuma silaida, waɗanda Dr. Pulley na Taiwan suka yi suna da su. Su ba zagaye bane, zamewa suke, basa bajewa da wuri, kuma siffarsu tana sa su tura fulin ya ɗan ƙara rufewa a ƙarshe, wato bel ya ƙara hawa. In da hali sun cancanci kuɗinsu, fara da nauyi ɗaya da rolar da ta yi maka daidai sannan ka auna. Amma suna da sama da ƙasa, in ka kifa su baibai mashin ba zai tafi ba, bi hoton da ke jikin fakitin.

Abu ɗaya da zan roƙe ka, kar ka canza abu biyu a rana ɗaya. In ka sa sabon bel da sabuwar rola da sabon sifirin lokaci guda mashin ya gyaru ko ya lalace, ba zaka taɓa sanin wanne ya yi aikin ba.

Mataki na shida, fulin baya

Mai neman gudun ƙarshe yawanci baya buƙatar canza komai a nan, tsafta kawai. Cire kwano ka duba cikinsa, in ya yi shuɗi shuɗi zafi ya ci shi, kuloci yana suɓucewa kenan. Takalman in sun yi santsi suna ƙyalli ka goga musu sanfefa sama sama har ƙyallin ya tafi, cikin kwanon ma haka. In ka ga maiƙo a wajen to sil, robar da ke tare mai, ya mutu, gyara shi tukuna in ba haka ba sabon bel ɗinka ma zai jiƙe.

Babban notin nan na 39 ko 41 akwai sifirin a matse a ƙarƙashinsa, in ka kwance shi haka kawai kulocin zai yi tsalle ya same ka a fuska. Sassauta shi kaɗan, ajiye a ƙasa ka taka da ƙafa biyu ko wani ya danne maka, sannan ka ƙarasa da hannu ka saki a hankali. A ciki zaka ga ƙananan fil suna tafiya a cikin tsagi, su suke sa mashin ya koma ƙaramar giya in ya ji hawa. Nan kam ana sa giris mai jure zafi, kaɗan, kuma ka duba tsagin bai ci ya yi rami ba don in ya yi fulin baya buɗewa har ƙarshe.

Sifirin da ake sayarwa masu lamba 1000 da 1500 da 2000, masu launi launi, samari suna son su saboda tashi. Babban sifirin mai tauri yana ɗaga juyi yana sa mashin ya amsa da sauri a hawa, amma yana yaƙi da rola, yana ƙara zafi, kuma in ya yi yawa bel baya kaiwa baki sai gudun ƙarshe ya ragu. In naka ya gaji ne, kana ji mashin yana nauyi bayan doguwar tafiya ko in ka saki totur ka sake murɗawa sai ya yi jinkiri, sa irin na asali sabo ko mai 1000, iyakarsa kenan. Mai 2000 ba na mai zuwa aiki da kasuwa bane. Ƙananan sifirin ukun kuwa babu ruwansu da gudun ƙarshe sam, lokacin da kuloci zai kama kawai suke canzawa, bar su yadda suke.

In giya ce ta ƙare

Wanda layinsa ya gogu tas kuma inji yana wuce 8,000 a ƙarshe shi kaɗai ne zai amfana da ƙarin giya. Hanya mai sauƙi ita ce babban fulin gaba, na asali wajen milimita 107 ko 108 yake, ana sayar da mai 115 tare da fankarsa, bel yana samun wajen ƙara hawa. Duba cewa baya taɓa murfi ko ƙarfen kik, kuma ka sake neman nauyin rola daga farko don gangarensa daban ne. Akwai masu rage tsayin bututun a injin yanka don fuli ya ƙara rufewa, yana aiki amma tashi yake ci, kuma in an wuce gona da iri bel yana leƙowa waje ya tsinke, ban ba wanda bashi da agogon juyi shawarar ya gwada ba. Hanya ta ƙarshe canza giyar cikin akwatin baya ce, wadda sai an kai wajen mai injin matsi. A Jos ina ganin da wuya injin da ba a ƙara masa komai ba ya iya jan ta, sai ka kashe kuɗi ka dawo kana tafiya ƙasa da da.

Masu 50cc ku duba bututun fulin gaba, waɗanda aka yi don Turai ana sa musu wata washa mai kauri da take hana fuli rufewa, saboda dokarsu ta tsayar da irin wannan mashin a kilomita 45 a awa. In tana nan layin maka zai nuna maka saura mai yawa, cire ta bel ya samu hanya.

Kar kuma ka sa rai da abin da ba zai yiwu ba. Iska ce babbar abokiyar gabar gudu, in kana so ka ƙara kashi 10 cikin 100 a gudu sai ka samu ƙarin ƙarfi kusan kashi 33, kuma kuloci baya bada wannan. Abin da zaka samu shine gudun da mashin ɗin yake da shi tun asali wanda bel da rola suka cinye, GY6 150 mai lafiya wajen kilomita 85 zuwa 95 a GPS yake tsayawa, duk wanda ya ce maka tasa tana 130 agogon jikinta yake karantawa.

Sai maganar sauka daga tudu. Saitin da ka yi a Jos na Jos ne. In ka gangara Akwanga ko Lafiya ko Abuja injin zai samu iska ya ƙara ƙarfi, juyin zai haura inda ka ajiye shi, in zama zaka yi can ka ƙara giram ɗaya ka sake awo. Wanda kuma ya rage jet ɗin kafireta, wato ƙofar da mai ke bi, saboda iskar nan, ya mayar da na da kafin ya sauka, don a ƙasa man zai yi wa injin kaɗan ya yi zafi har ya iya ƙona fistin. A gangare mai tsawo ka tuna irin wannan kulocin sakin taya yake in gudu ya yi ƙasa kuma totur a rufe, inji ya daina riƙe ka sai birki kaɗai, don haka ka riƙa ɗan taɓa totur ya sake kamawa, kuma tun kafin ka ƙara wa mashin ko kilomita ɗaya a duba birkin gaba da na baya da man birki, tayar da ta tsattsage a gefe kuma a canza ta.